Ɗaya Warin Takalmin

"Riƙe da kyau mana, Tela. Keken ɗinki ya gama kashe maka hannu," in ji Baba Baduku, yana tura basilla cikin fata da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Tela ya ƙara danne takalmin a gwiwarsa. Kwana huɗu ke nan yana rufe shago da hantsi, ya shigo gidan maƙwabcinsa ya zauna bakin katifa. Baba ya huda, ya huta, ya yi tari, Tela ya ja zare. Ɗakin ba abin da ke tashi sai ƙanshin jima da na man zafi. Tun da aka sallamo tsohon daga asibiti, aka ce a koma gida a yi ta addu'a, kowa ya san abin da ake nufi, har shi kansa.

A bakin titi akwai shagon Malama, inda take baje kayan hannu na masu sana'ar ƙauyukan kewaye. Tukwane ne, da tabarmi, da kujerun sassaƙa, kowanne da ɗan kati mai sunan wanda ya yi shi. Wata uku da suka wuce ta ga warin takalmi ja a hannun Baba, ta karɓe tun bai yi ɗan'uwansa ba, ta sa a gilashin gaba don ya jawo ido. Washegari ciwo ya kwantar da shi. Tun daga nan masu wucewa suke tsokana, wai ga takalmin mai ƙafa ɗaya.

"Shekara arba'in ban taɓa barin aiki rabi ba," Baba ya ce ranar da ya sa aka kira Tela. "Ba zan tafi in bar sunana a ƙarƙashin wari guda ba."

Rana ta take lokacin da suka ƙulle zaren ƙarshe. Baba ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa.

"Kai wa Malama. Ka dawo ka faɗa min yadda suka zauna."

Tela ya fita da sauri kamar wanda ya ɗauko garwashi a tafin hannu. Malama na ganinsa ta saki tsintsiya.

"Kai, ya gama? Allah mai iko!"

Ta buɗe gilashin, ta kaɗe ƙurar tsohon warin, ta ajiye sabon a gefensa. Ta ja baya ta dube su. Ta musanya su, na nan ya koma can. Ta sake dubawa.

"Tela," ta ce a hankali, "duk na hagu ne."

Tela ya leƙa gilashin, ya ga haka ne. Kwalin da ake zana tafin takalmi da shi guda ɗaya ne, in an zana ƙafar hagu sai a kife shi a zana ta dama. Ranar da za a yanka, idon Baba ba ya gani sosai, Tela ne ya ɗora kwalin a kan fata ya danne. Shi da kullum yake faɗa wa mutane cewa hannun riga biyu ba a yanka su fuska ɗaya.

"A juya tafin mana," in ji Tela.

"Fata tana da fuska tana da baya. In ka juya, makaho ma zai gane."

"Kuma ita ce ta ƙarshe a gidansa. Malama, mutumin nan jirana yake."

Ta duba shagon sama da ƙasa. A jikin bango akwai wata jaka ja, ita ma aikin Baba, fatarsu ɗaya. Ta fizgo ta, ta zazzage takardun da aka cusa mata, ta miƙa masa.

"Yanka. Kada ka tsaya kallona, yanka!"

Ya ruga shagonsa. Ya farke jakar, ya zana tafin dama, ya yanke, ya tura ƙarƙashin keke. Allura ta karye. Ya sa wata, ta yi taku uku ita ma ta karye. Ya ɗauko ta hannu, ta lanƙwashe, ta shige masa ɗan yatsa. Gumi na ɗiga a kan fatar yana gogewa da gefen riga, yana cewa, "Ya Allah, awa biyu kawai, awa biyu." Bai ɗinka ko tsawon yatsa ba sai ga 'yar Baba a bakin ƙofa, mayafinta a karkace.

"Kawu Tela, ka zo. Yana ta kiranka. Ka zo yanzu."

Ya tarar an jingina tsohon da filo, numfashi na fita da ƙyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Sun zauna?"

"Sun zauna, Baba. Sun yi kyau."

Baba ya kalli yatsan da ke jini, ya kalli fuskarsa.

"Ƙarya ma ba ka iya ba, kamar ɗinkin hannu." Ya huta. "Tun shekaranjiya na gani, da na zo huda ramin maɗauri. To fata ta ƙare, ni ma na ƙare. Na ce bari dai in ƙulle zaren."

Tela ya durƙusa, ya kama hannunsa mai kanta.

"Ni na riƙe kwalin, Baba. Laifina ne. Ka yafe min."

"Ka ce wa Malama ta cire katin sunana," in ji Baba.

"A'a, a goge naka a rubuta nawa. Duk mai dariya ya yi da ni."

Wani abu mai kama da dariya ya taso wa tsohon, ya zama tari. 'Yarsa ta tallabe shi har ya lafa.

"Sunan tela a ƙarƙashin takalmi? Rufa wa sana'a asiri." Ya lumshe ido, ya daɗe, har suka ɗauka ya yi barci. "Ɗinkin ya miƙe?"

"Ya miƙe, Baba. Wannan kam ba ƙarya. Ba ka bambanta shi da na farko."

"To ku bar katin. Ɗinkin ai nawa ne."

Bai sake magana ba. Kafin inuwar katanga ta kai bakin ƙofa, hannun ya saki na Tela.

Kwana uku bayan jana'iza Tela ya bi ta gaban shagon Malama. Ta wanke gilashin tas, ta janye tukwanen da ke kusa, ta cire 'yar takardar farashi, katin sunan kuwa yana nan inda yake. Takalman biyu suna jere a kan farin ƙyalle, kawunansu duk sun karkata gefe guda, wajen titi.