Takardar Janye Magana

Sau uku Jumare ya karanta takardar a tsaye gaban teburin oga, bai ga inda aka ce an yi kuskure ba.

"Ranka ya daɗe, me zan ce wa mutanen Hunkuyi?"

Oga bai ɗago daga wayarsa ba. "Ba ka jin Turanci ne? Ga shi nan, review. Ka ce musu ana sake nazari."

"A ƙasa kuma an rubuta withdraw."

"Kada ka ce an janye, sai su ɗauka mun ja da baya. Ka ce an dakatar."

Shekara ashirin da biyu Jumare yana malamin gona, ya gaji da kalmomin nan. Turancin ofis yana da hanya wajen goma ta komawa baya, kuma babu ko ɗaya da ke sa mai ita ya sunkuyar da kai. Wanda ya rubuta takardar yana can birni ƙarƙashin fanka. Wanda ya tsaya bara gaban manoma, har da rantsuwa, ya ce su bar tsohon irin masararsu su shuka sabo, Jumare ne. Masarar ta yi tsawo, ta yi kyan gani, ta fitar da goyo kamar ɗan yatsa. Tasa gonar ma haka. Ga damina ta matso, ba wanda ya san abin da zai shuka.

Bayan azahar ya jingine babur a ƙofar gidan mai unguwa. Manoma kusan talatin na kan tabarmi. Aka gaisa, aka tambayi iyali da zafi, gaisuwar dai ba daɗi. Ya buɗe takardar.

"Hukuma ta ce an dakatar da shawarar bara. Ana sake nazari."

Malam Usmanu, dattijon da ya fara bin maganarsa bara har sauran suka biyo baya, ya gyara zama.

"Malamin gona, dakatarwar nan, ana tuwo da ita?"

Wasu suka yi dariya, gajeriya.

"Ni ban san hukuma ba," in ji Usmanu. "Ba ta taɓa zama a tabarmata ba. Kai ka zauna. Irin da na gada wurin mahaifina na kai inji aka niƙa, muka cinye, don ka ce ya tsufa. Yanzu wa ke magana, kai ko takarda?"

Jumare ya dubi takardar. Ya san in labari ya kai ofis, shi ma za a rubuto masa tasa takardar, ta gargaɗi. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

"Baba, ni na faɗa muku. Ban gwada ba na faɗa. Na yi kuskure, ku yafe mini. Ku koma wa irinku, in akwai mai saura."

Wata akuya ta ratsa ta bayan tabarma, ba wanda ya kore ta.

"Saura," Usmanu ya maimaita, yana shafa gemu. "Akwai. Zulaihatu, mai ɗakina, tun ranar da ka zo ta ce bakinka ya cika zaƙi. Ta ɗaure goyo arba'in ta rataye saman murhu, hayaƙi na bugunsu, ban sani ba sai da kaka ta wuce. Jiya muka fara rabo, biyu-biyu."

Jumare ya matso kusa da shi. "Ko zan samu ɗaya?"

"Ba nawa ba ne. Tashi mu je ka tambaye ta da kanka."

A zauren gidan Usmanu, Jumare ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi sallama. Daga cikin gida muryar tsohuwa ta amsa, ba gaggawa.

"Wane ne?"

"Malamin gona ne, Inna."

"To. Me ya zo koya mana yau?"