Mukullin Jif Ɗin Baba

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, jif ɗin Baba tana ajiye Auta a hanyar gona. Kuma kullum a wuri guda take yi mata haka, bayan an sauka daga kwalta, inda laka ke kama taya. Da zarar ta saka giyar da ke jan tayoyi huɗu, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari, ƙarfin motar ya tafi, ta koma rarrafe kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Auta ta taka totur har ƙafarta ta yi tsami, a banza. A zuwan ƙarshe ƙwai ne cike da bayan motar, rana ta dake su har da yawa suka lalace kafin ta lallaɓo gida.

Ita ce ta karanci aikin gona, ita ce kuma ta tayar da gonar kajin gidansu bayan ƙafafun Baba sun hana shi tuƙi. Amma gareji ba wurinta ba ne, in ji Yaya, babban wansu. Duk ranar da motar ta yi halinta, shi ne zai karɓi mukulli washegari, ya buɗe bonet ya ɗan yi 'yan dube-dubensa, ya kai ta wurin bakanike a sa mata kwamfuta. Ya dawo yana kaɗa mukullin a yatsa, ya ce na'ura ta duba ciki da waje, lafiyarta lau. Auta ta shiga ta dawo da kujera gaba, ta gyara madubi, ta gyara agogon motar da kullum yake dawowa lokacinsa ba daidai ba, tana cin rai ita kaɗai.

Abin da ya fi ƙona mata zuciya shi ne yadda gidan ya mai da maganar abin nishaɗi. Yaya ya ce motar ce ba ta saba da ƙafar 'yan boko ba. Inna ta ce wataƙila tsoron laka take yi ta ɗaga ƙafa ba ta sani ba. Auta ba mai yawan magana ba ce, tun tana ƙarama in ranta ya ɓaci harshenta nauyi yake yi, sai dai kunnuwanta su yi zafi. Shirun nan kuwa kowa ya ɗauke shi a matsayin amsa laifi.

Ranar da ƙwan suka lalace ne Baba ya kira ta inda yake zama a bakin taga. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi mata. Ya ce mota ba ta ƙarya, na'ura ba ta ƙarya, to ya rage wa? Ya ce in aka sake, kuma kwamfuta ta sake cewa babu komai, ta kawo masa mukulli. Za a ɗauki direba, Yaya ya riƙa leƙa gonar, ita ta zauna a shago ta riƙa karɓar masu sayen ƙwai.

Shago. Ita da ta san kowace kaza mai tari a gonar nan.

Washegari Yaya ya kai motar ya dawo da labarin da ya saba. Tana karɓar mukulli ta ce za ta sayo maganin kaji, ta nufi layin masu kayan mota. Ta ƙudurta sai ta mallaki na'urar kanta, wadda za ta soka wa motar a tsakiyar lakar, lokacin da take cikin haukarta, ba bayan ta kwana ta huce ba.

Shagon da ta shiga ƙunci gare shi, warin sabuwar roba da man giya ya cika shi, fitilun mota a rataye har suna taɓa kai. Mai shagon wani kakkauran mutum ne mai tabarau a goshi. Da ya ji abin da take nema, sai ya leƙa bayanta ya ga ko akwai wanda ya aiko ta. Ya ciro wata 'yar ƙarama kamar akwatin ashana, ya ce wannan ita ce ta mata, a soka ta, a haɗa da waya, launi-launi gwanin kyau. Ta tambaye shi ko tana aiki inda babu sabis. Ya sosa ƙeya ya ce sai dai a fara buɗe ta a gari. Ta ture ta gefe da yatsa ɗaya.

Ya ɗauko ta biyu, ja, mai igiya. Ya ce wannan direbobi ke rububi, domin danna ɗaya take kashe kowace fitila, mutum ya yi tafiyarsa hankali kwance.

“Ba kashe fitilar nake so ba,” in ji Auta. “So nake in san abin da ya kunna ta. Wannan tana karanta giyar tayoyi huɗu, ko injin kawai?”

Mai shagon ya sauko da tabaransa kan hanci ya dube ta da kyau. Ya ce injin kawai. Daga nan ya daina kiranta 'yammata, ya koma ƙanwata. Ya hau kujera ya sauko da wata baƙa mai jikin roba mai kauri, wadda ko ta faɗi a kan dutse ba ta damu ba. Ya ce wannan tana shiga injin, ta shiga giya, ta shiga birki, ba ruwanta da sabis, amma mummuna ce kuma ba ta da araha. Auta ta ce ba aurenta za ta yi ba, su je waje a gwada.

Suka durƙusa a gefen direba, ya nuna mata soket ɗin da ke ɓoye a ƙasan sitiyari. Na'urar ta yi 'yar ƙara, ta yi tunaninta, sannan ta rubuta cewa babu matsala ko ɗaya. Auta ta sake karanta rubutun. Ashe har wadda za ta saya da guminta ma bayan Yaya take bi. Mai shagon ya fara cewa ai wani lokaci laifin direba ne, ta ɗaga masa hannu, ta ci gaba da danna maɓalli don kawai kada ta ɗago ido ya ga ƙwalla. Shafi ya wuce, wani ya wuce. Sai ta tsaya a kan wani layi da ke nuna nisan da motar ta yi tun ranar da aka goge ƙwaƙwalwarta. Tafiyar ba ta wuce daga gida zuwa gareji, a dawo, a zo nan ba.

Mai shagon ya leƙo ya yi tsaki. Ya ce an goge ta yau ɗin nan, shi ya sa ba ta tuna komai. Ko dai da na'ura, ko kuma wani ya cire kan batir ya mayar. Ya ce bambancin mai sauƙi ne, in batir aka cire, agogo ma mantuwa yake yi, ya koma sha biyu.

Auta ta dubi agogon da ta gyara da hannunta ɗazu. Ta tuna Yaya a sunkuye cikin bonet kafin ya fita, da ƙaramar sufanar da ke leƙowa daga aljihunsa. Kunnuwanta suka ɗauki zafi har tana jin bugun jini a cikinsu. Ta biya, ta ƙi karɓar leda, ta ajiye na'urar a kujerar gefe.

Ba gida ta nufa ba. Ta miƙe har ƙarshen kwalta, ta shiga lakar da gangan, ta saka giyar. Fitilar ta kunnu, motar ta fara rarrafenta. Karon farko ke nan da Auta ta yi murnar ganinta. Ta tsaya a nan, ƙafarta ɗaya a cikin laka, ta soka na'urar. Wannan karon ta yi magana: saƙon da ke fitowa daga tayar baya ta hagu yana yankewa. Ta kwanta a kan buhu ta leƙa ƙarƙashi, ta ga wata siririyar waya da ta goge har jan ƙarfenta ya fito, laka ta dabaibaye ta. Abin da ya kusa raba ta da gonarta ke nan, waya da ba ta kai igiyar takalmi kauri ba.

Da la'asar ta shigo gida a hankali, fitilar na ci, rigarta duk laka. Yaya na tsakar gida. Ya leƙa ta taga ya ga fitilar, ya girgiza kai irin na mai tausayi, ya ce to Auta, an sake ke nan. Ya ce ta ja masa bonet. Sufanar tana hannunsa.

Ta fito ta tsaya a gaban motar, ta jingina bayanta da bonet ɗin.

“Me kake cirewa a ciki, Yaya?”

Ko ɓoyewa bai yi ba. Ya ce kan batir mana, sai ka ce wani abin kunya. Ya ce ai ba a kai wa bakanike mota da fitila a kunne. Yana ganinta zai san an tsorata, ya sauke injin gaba ɗaya, ya ce komai ya mutu. Sai a kashe ta tukuna, a je masa da fuska a sake, in akwai ciwo na gaske kwamfuta za ta gano da kanta. Ya ce wannan ba dabararsa ba ce, ta Baba ce, tun yana yaro yake ganin ana yi.

Daga bakin taga Baba ya gyaɗa kai, har da ɗan alfahari. Ya ce bakanike bai taɓa cutarsa ba saboda haka.

Nauyin harshen nan na Auta, yau babu shi. Ba ta ɗaga murya ba, amma har Inna sai da ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta ce kwamfutar ba duba take yi ba, tambayar motar take yi abin da ta tuna, su kuwa kullum sai sun sa ta mantuwa kafin su kai ta. Ta ce sun rufe wa mota baki, sannan sun zo sun ce ita ce maƙaryaciya. Ta ce rana ta dake ta a hanyar nan ita kaɗai, ta tura mota da kafaɗarta, ta dawo gida an yi mata dariya a kan tabarma, babu wanda ya taɓa cewa bari in bi ki in gani. Yaya ya ce ta iya bakinta, da wa take magana. Ta ce da wanda ya kusa zaunar da ita a shago da sufana.

Ta je ta ɗora na'urar a kan cinyar Baba, ta nuna masa rubutun, ta gaya masa wayar da ta gani. Ya daɗe yana kallo, yana matsar da ita nesa da kusa. Ya juya ta ya duba bayanta. Ya tambaya ko na'urar ma tana iya kashe fitilar. Auta ta ce tana iyawa, amma duk wanda ya danna wurin, ita da shi ne a gidan nan.

Baba ya miƙo hannu, tafinsa a buɗe. Mukullin na cikin hannunta, ta damƙe shi har yana cizon fatarta. Ta riga ta yanke cewa ba za ta bayar ba, ko me zai biyo baya. Sai ta lura ba ita yake kallo ba.

“Kawo sufanar,” ya ce wa Yaya.

Yaya ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya zo ya ajiye ta. Baba ya tura ta ƙarƙashin matashinsa. Bai ce ta yi haƙuri ba, bai ce sun yi kuskure ba. Ya ce dai in ta je gareji kada ta bari bakaniken ya taɓa injin, kuma kada ta nuna masa ta damu.

Ranta bai huce ba, kuma ba ta ga alamar zai huce yau ba. Ta ɗauki na'urarta ta shiga mota. Yaya ya ce aƙalla ta sauya riga, gareji fa cike yake da maza. Ta tayar da motar, ta ce ya buɗe mata ƙofa.