Ƙarfen Majami'ar Baba Ɗan'auta

"Ɗaga ni, Tasi'u, in ga tumaturina," in ji Baba Ɗan'auta.

Tasi'u ya tallabo shi ya jingina shi da bango. Tsohon ba nauyi, kamar damin kara. A bakin ƙofa akwai tushen tumatur ɗaya a cikin fasasshiyar randa, yana rayuwa da ruwan wanke fuska. Shekarar fari ce, gero ya kawo gwiwa ya ƙi gaba, amma tsohon ya dubi 'ya'yan tumatur biyu ya ce, "Godiya ga Ubangiji, sun fara ja."

Shi kaɗai ne Kiristan da ya rage a unguwar. 'Ya'yansa sun tafi ci-rani kudu. Fasto ya ɗaure littattafansa a bayan keke ya bi su. Ya ce zai dawo, bai dai ce yaushe ba. Aka bar wa tsohon majami'a: ɗaki ɗaya na ƙasa, da ƙarfen ƙafar mota rataye a jikin tsamiya. Duk Lahadi sai ya buga ƙarfen nan da sauri da sauri, ya shiga ya yi waƙa, ya yi wa benci wa'azi. Tasi'u, da katanga ɗaya ta raba su, ya sha tsokanarsa: "Baba, jama'ar nan taka ba su da surutu."

"Kuma ba sa gyangyaɗi," in ji shi.

Yau dai muryar ta yi ƙasa. "In na tafi, ka buga mini ƙarfen. Akwai sauran namu a ƙetaren fadama, in sun ji za su zo. Kada a rufe ni ba waƙa."

"Ni, Baba? Ran Juma'a da wane ido zan kalli mutane a masallaci?"

"Da wanda kake kallon tumaturina da shi."

Tasi'u ya mayar da shi shimfiɗarsa ya fita.

Ran Laraba da hantsi ya kawo masa kunu, ya tarar ya cika. Maƙwabta suka taru, aka yi ta "Allah Sarki." Liman ya ce maƙwabci yana da haƙƙi, sai dai su ba su san yadda mutanensa suke yi ba. Daga nan kowa ya tuna da aikin gaggawa a gonar da fari ya riga ya cinye.

Tasi'u ya daɗe tsaye a gindin tsamiya. Ya duba gabas, ya duba yamma, sannan ya ɗauki guntun ƙarfen bugawa. Bugu ɗaya ya sani, wanda ya shekara da shekaru yana hana shi barcin safe, shi ya yi: da sauri da sauri, har kafaɗarsa ta gaji. Masu aikin gaggawa duk suka ɗago kai.

Rana ta take kafin wata tsohuwa, Maryamu, ta ɓullo daga fadama tana dogara sanda. Ita kaɗai ce. Ta sha zanen Lahadi da ɗaurin kallabi, tana dariya tun daga nesa.

"Fasto ya dawo? Ya zo da masara?"

"Inna, Baba Ɗan'auta ne ya rasu."

Dariyar ta tsaya. "To don me ka yi bugun kiran sujadar Lahadi? Na mutuwa ɗai-ɗai ake yinsa, a hankali."

"Wallahi wannan kaɗai na taɓa ji."

Ta dubi zanenta, ta kakkaɓe ƙasar da ta kama gefensa. "Bar shi. Ya daɗe yana buga wannan ba wanda ya zo."

Ta nuna masa wuri a bayan majami'a, ya haƙa. Ƙasar ta yi tauri, sai da ya huta sau da yawa. Da suka sa shi, Maryamu ta miƙe tsaye cikin kwalliyarta ta ɗauki waƙa, murya tana karyewa. Inda ya kamata jama'a su amsa sai ta yi shiru, ta bar musu wurinsu, sannan ta ci gaba. Tasi'u yana gefe rungume da fartanya har ta kai ƙarshe.

Ran Lahadi ya farka da wuri, ya kwanta yana saurare. Tsamiya shiru. Ya ɗauki buta ya zagaya gidan maƙwabcin, ya juye sauran ruwan alwalarsa a cikin randa. Tumatur biyun sun yi jawur.