Waya ta Uku

Ranar da wayar Inna ta faɗa cikin robar wanka, Auta ba ta ɗauki abin da zafi ba. Tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, ba abin da take yi sai kunna waƙa. Da Auta ta tashi daga shagon tabarau inda take aiki, ta biya ta sayo wata 'yar ƙarama, ta taho gida da tunanin abin ba zai ɗauke ta minti goma ba.

Waƙoƙin kuwa ba na nishaɗi ba ne. Wata huɗu ke nan da Inna ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Matar da a da sai an roƙe ta take yin shiru, ta koma sai ido. Likita ta ce a nemi waƙar da ta sani tun tana budurwa a riƙa sa mata kullum da safe, domin baki yakan bi waƙa ko da ya kasa bin zance. Ta kuma ja musu kunne cewa watannin farkon nan su ne na dawowar magana, kada a yi wasa da ko kwana ɗaya. Auta ta sha nema kafin ta samu faifan wani tsohon mawaƙi a wani kamfanin sayar da waƙa ta intanet, ta saya, waƙa goma sha biyu cif. Cikin ikon Allah kuma abin ya karɓi Inna. Yanzu tana iya cewa "ruwa", tana iya cewa "a'a", ranar nan har ta ce "tashi" da maigidan Auta ya zauna mata a kan mayafi.

Auta ta zauna bakin gadon Inna, ta sa manhajar kamfanin a sabuwar wayar, ta rubuta kalmar sirri. Sai ga rubutu ya fito: waya uku kawai aka yarda a saurari waƙoƙin a kai, kuma gurbi ya cika.

"Uku kamar yaya?" ta ce da wayar.

Ita dai biyu ta sani, tata da wadda ta sha ruwa. Ta buɗe jerin, ga su nan kuwa uku reras, ba suna, sai wasu dogayen lambobi. Ta danna don ta cire matacciyar, aka ce ai sau ɗaya ake cire waya a cikin wata uku, kuma ta riga ta cinye damarta lokacin da ta sauya tata wayar. Hanya ɗaya ta rage, mai riƙe da waya ya fita da kansa daga cikin wayarsa. Can ƙasa da ƙananan haruffa kuma an rubuta cewa idan aka gano ana raba waƙoƙin da wani na waje, kamfani na iya rufe komai ba tare da sanarwa ba.

Jama'a, ka sayi abu da guminka, a ce ba za ka sa shi inda kake so ba! Auta ta sayar da tabarau ya fi dubu, ba ta taɓa ce wa kowa a ɗaki uku kaɗai zai sa shi ba. Amma ba wannan ne ya tsaya mata a rai ba. Wane ne na ukun?

Maigidanta ta fara tara a falo, yana cire takalmi.

"Ba ni wayarka."

"Sannu da zuwa ma babu?"

"Sannu da zuwa. Ba ni wayarka."

Ya miƙa mata yana dariya. Ta bincike ta tas, babu manhajar, babu alamarta. Ya ce shi da ko ƙarar kiran wayarsa ciwon kai take sa shi, me zai yi da waƙar tsofaffi? Ta mayar masa, amma sai da ta tambaye shi ko yana da wata wayar a ofis. Dariyar ta ɗauke, ya ɗauki takalmansa ya shige ɗaki.

Ta kira yayanta, wanda rabonsa da zuwa duba Inna mako uku ke nan.

"Yaya, ka taɓa shiga waƙoƙin Inna da wayarka?"

"Waɗanne waƙoƙi?"

"Au, ba ka ma san da su ba?"

"Auta, kin kira ki tambaye ni ne ko kin kira ki gaya min magana?"

Duka biyun ne, amma ba ta faɗa ba. Ta kashe wayar tana jin cewa saurin da ya yi na musantawa ma abin dubawa ne.

Washegari ta bar wa Inna tata wayar ta tafi aiki hannu rabbana. Kafin rana ta raba, mai shago ya tambaye ta sau uku me ya sa masu karɓar tabarau ke kiran layinta ba ta ɗauka. Da ta fita cin abinci sai ta tsallaka wurin mai gyaran wayar da ke ƙarƙashin bene, ta kai masa matacciyar. Ya buɗe bayanta, ya kanga ta a fitila, ya girgiza kai. Ya ce wannan sai dai a yi mata addu'a. Ta ce to za ta kawo masa tata wayar ya kwafe waƙoƙin ya zuba a memori. Ya ce ko ya kwafa ba za su buɗe ba, a kulle suke, mabuɗin yana hannun kamfani.

"Hajiya, ai ba sayar miki suka yi ba, aro suka ba ki. Amma zan iya samo miki irinsu a wani wuri."

Ya samo ɗin, ta kai gida, ashe wata ɗauka ce daban, da ƙarin kiɗa da sauri. Inna ta saurara kaɗan, ta ce "a'a", ta juya fuska bango. Auta ta tsaya da memori a hannu, sai kuma ta tuna cewa wannan mai gyaran ne ya taɓa sauya wa wayar Inna batir. Kwana biyu wayar ta yi a wurinsa. Shi ma ya shiga layin waɗanda take zargi.

Ta rubuta wa kamfanin wasiƙa mai tsawo, ta yi bayanin ciwon Inna dalla-dalla. Cikin daƙiƙa biyar amsa ta dawo cewa suna godiya da kasancewarta tare da su, kuma sau ɗaya ake cire waya a cikin wata uku. Ko na'ura ce ta amsa ko mutum ne mai zuciyar na'ura, oho.

Kwana uku ana haka, ita ba waya a wurin aiki, mai shago kuma ya fara tsuke fuska. A rana ta huɗu, da ta dawo, tana ta tone-tone cikin manhajar sai ta ci karo da inda ake nuna lokacin da kowace waya ta yi waƙa. Waya ta uku tana kunnawa kullum daga shida da rabi na safe zuwa bakwai da kwata, sai kuma da yamma daga biyar da rabi. Ranar hutu ba ta motsi. Kuma waƙa ɗaya take maimaitawa, ta huɗu, ita kaɗai.

Auta ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Mai jinyar Inna tana isowa bakwai da rabi, ta tashi biyar da kwata. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, marar yawan magana, mota biyu take shiga kafin ta zo. Kuma Auta da hannunta ta rubuta mata kalmar sirrin a takarda ta manna a ƙofar kabad, saboda manhajar kan nemi a sake rubuta ta lokaci-lokaci. Kuma a hannun wa waya ta faɗa ruwa, in ba nata ba? Nan da nan komai ya haɗe mata. Har cokalin da ya ɓace watan jiya sai da ta tuno.

Da safe ba ta tafi aiki ba. Ta tsaya a kicin ta jira. Mai jinya ta shigo da sallama, tana naɗe igiyar abin sauraro na kunne tana turawa cikin jaka.

"Malama, me kike ji a hanya?"

Matar ta tsaya. Ta dubi Auta, ta dubi jakar.

"Waƙar Inna ce, Hajiya."

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba wanda ya ba ni. Ban san ana ƙidaya waya ba, wallahi. Baitocin nake koya."

"Koyo? Mawaƙiya za ki zama da tsufanki? Kwana huɗu ina zargin mijina, ina zargin yayana, kina kallona kina shiru!"

"Ba ki gaya min abin da kike nema ba."

Gaskiya ce, ba ta gaya mata ba, don tun farko ba ta so kowa ya san tana bincike. Amma Auta ta riga ta hau, ba ta jin kira. Ta ce da kamfani ya rufe komai fa, wa zai dawo wa Inna da magana? Ta ce yau waƙa, gobe me? Ta ce ita wayar ma, da gaske subucewa ta yi, ko dai an gaji da ita ne? Sannan ta ce a buɗe jakar ta gani.

Mai jinya ta buɗe zif ɗin. Ta zazzage jakar a kan teburin kicin: carbi, kwalbar ruwa, maganin hawan jini, safar hannu ta roba, waya. Ta miƙa wayar. Auta ta shiga manhajar ta fitar da ita, ta goge. Matar ta mayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta rataya jakar.

"Na ba ta maganin safe jiya da ƙarfe takwas, yau ma haka za a ba ta. A riƙa juya ta duk bayan awa biyu. Gidan da aka zazzage min jaka ba na komawa, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya."

Ta fita ta ja ƙofa a hankali. Auta ba ta bi ta ba. Ta ɗauki sabuwar wayar ta rubuta kalmar sirri, ta buɗe nan take, waƙa goma sha biyu ga su nan. Ta shiga ɗakin Inna da murnarta.

"Inna, an gyara. Kin ga, sabuwa fil."

Ta tayar da ita zaune, ta kara mata matashi, ta ba ta magani, ta kunna waƙa ta huɗu. Muryar tsohon ta cika ɗakin. Inna ta motsa leɓe, amma kafin ta haɗa kalma ɗaya mawaƙin ya wuce uku. Ta sake gwadawa, ya sake barin ta a baya. Sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta daki katifa.

"A ƙara murya?"

"A'a."

"A mayar baya?"

Inna ta miƙa hannu ta dafe fuskar wayar da tafinta har waƙar ta tsaya. Da gani ta saba yin haka. Ɗakin ya yi tsit. Ta ɗago ta zuba wa Auta ido, ta yi gunjin farkon baitin da hanci, a hankali, a hankali, ninki biyu na jinkirin mawaƙin. Sai ta tsaya, baki a buɗe, tana jira.

Nan Auta ta gane. Wayar tunatarwa kawai take yi. Sai a kashe ta, wani ya ja baitin sannu-sannu daidai da bakin Inna, ya bar mata kalmar ƙarshe ta cika. Haka aka samo "ruwa", haka aka samo "tashi". Ita da take fita bakwai da rabi ta dawo da yamma, sakamako kawai take tararwa, tana yaba wa kuɗinta da kamfani.

Ta buɗe baki za ta ja baitin. Ba ta san shi ba. Wata huɗu waƙar na cikin wayarta, ba ta taɓa sauraron ta har ƙarshe ba. Ta kama kalma biyu na farko, ta yi ta kame-kame, ta ƙarasa da "la la la" kamar mai rarrashin jariri. Kunya ta rufe ta.

Inna ta rufe ido. Gefen bakinta mai lafiya ya yi ta rawa, jijiyar wuyanta ta tashi, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Auta ta matso, a tsorace, ta ɗauka ciwon ne zai dawo.

"Ba ki... iya ba," Inna ta ce. Ta huta, ta ja numfashi. "Kira... ta."

Tun da ta faɗi ba ta taɓa haɗa kalmomi masu yawan haka ba. Da jiya ne, da Auta ta yi guɗa ta kira kowa da kowa. Yau hawaye ne suka zubo mata, na murna da na baƙin ciki a haɗe, ba ta ma san wanne ya fi yawa ba.

Ta lalubo lambar mai jinya ta kira. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira. Inna ba ta ɗauke ido daga kanta ba. A kira na uku aka ɗauka, ana jin ƙarar mota da hayaniyar fasinjoji.

"Salamu alaikum," in ji mai jinya. "Wace ce?"

Ashe matar har ta goge lambar Auta. Auta ta durƙusa a gaban gadon, waya a kunne.

"Ni ce, Malama. Don Allah kada ki kashe. Ba ni ba ce mai neman ki, Inna ce. Ni kuma duk abin da kika ce in yi, zan yi."