Alayyahun da Tsutsa Ta Rage

Malam Audi na Birchi yana da lambun alayyahu biyu, kuma bai taɓa bari ganyen wannan ya shiga kwandon wancan ba. Babban yana bakin fadama, shi ne na kasuwa. Ƙaramin yana bayan rijiyar gidansa, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, shi ne na tukunyar matarsa Batula.

Na kasuwar, duk bayan kwana uku sai ya goya famfon feshi ya bi shi da maganin ƙwari, har jajibirin ranar yanka. Mai shagon da ya sayar masa da maganin ya karanta masa abin da aka rubuta a jikin kwalbar: bayan feshi a jira mako biyu kafin a ci. Malam Audi ya ce to, ya sa kwalba a aljihu. Kafin mako biyu ai tsutsa ta yi aure ta yi suna a cikin ganyen. Na gidan kuwa toka yake barbaɗa masa, da ruwan ganyen darbejiya. Tsutsa ta ci rabonta, su ci abin da ta rage.

Bai ɗauki kansa mugu ba. Mutanen Dutsin-Ma yake gani a matsayin wawaye. Ya sha tsayawa a rumfar Rabi'u, mai kayan miyan da ke sarar alayyahunsa, yana kallon matan ma'aikata suna juya ɗauri kamar masu zaɓen leshi. Da zarar mace ta ga huda ɗaya, ko da kamar ta allura ce, sai ta yar ta goge hannu. Malam Audi yakan ce a ransa, waɗannan da ido suke cin abinci, to a ba idon abin da yake so. Wa ya tilasta musu? Wannan hujja ta ishe shi shekara tara, kuma sallarsa ba ta taɓa wuce shi ba.

Yana da ɗiya a Dutsin-Ma, Sakinatu, 'yar farinsa. Saboda kunyar ɗan fari, tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" yake cewa, in ta kama dole. Gidan aurenta ma bai taɓa takawa ba. Mijinta Zaharaddin ma'aikacin ofis ne, mai guga a riga da biro biyu a aljihu, wanda in ya zo Birchi gaisuwa sai ya shimfiɗa hankici a kan tabarma kafin ya zauna. Surukan biyu suna girmama juna a baki. Kowannensu ya san abin da ɗayan yake raina masa.

Da cikin Sakinatu ya kai wata shida, a wurin awo aka ce jininta ya yi ƙasa. Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce kuma ta riƙa cin ganye kullum, musamman alayyahu. Ta waya Batula ta ji, ta faɗa wa mijinta tana fuskantar bango, kamar da bangon take magana.

"An ce wai mutanen Dutsin-Ma suna son alayyahu, Malam."

Ya tashi ya fita kamar bai ji ba. Amma daga ranar, duk kasuwa sai ya yanki ɗauri uku a bayan rijiya, ya ƙunshe su daban a buhu, ya ba Rabi'u ya ce a aika gidan Zaharaddin. Ya ga ya yi iyakar abin da uba zai yi, ya kuma ji daɗin kansa ƙwarai.

Mako biyar ana haka. Sakinatu tana ta fama da ciwon kai da amai da murɗar ciki, kowa na cewa laulayi ne ya dawo mata a makare.

Ranar wata kasuwa da hantsi, bayan an sauke kwanduna, Rabi'u yana yayyafa wa ganye ruwa sai ya kwashe da dariya.

"Malam Audi, ashe surukinka ya fi ka sanin darajar kayanka."

"Kamar yaya?"

"Ai ba ni da ciniki kamarsa. Ɗauri huɗu duk kasuwa, kuma naka yake zaɓa, na fadama. Ya ce duk kasuwar nan ba ganye mai tsabta irinsa. Ni kuwa ban ce masa na surukinsa ne ba, kada ya nemi ragi."

Malam Audi ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a ƙeya.

"Wanda nake aikawa fa?"

"Wancan? Awakin maƙwabcinsa sun yi ƙiba, wallahi har sheƙi suke. Ranar farko da na kai masa da kaina, ya buɗe buhun da yatsa biyu, ya ce, 'Rabi'u, dubi abin da aka aiko wa mai ciki. Ragowar tsutsa. Mutumin ƙauye ko kyauta zai yi sai ya zaɓo wadda ba za ta sayu ba.' Na ce ranka ya daɗe ni ɗan aike ne."

Rabi'u ya ci gaba da dariya, don shi a ganinsa labarin rowa ne. Bai san komai game da famfon feshi ba, ko kuma ya sani ya ga sanin ba zai ƙara masa ciniki ba.

Malam Audi ya koma gindin wata bishiya a bakin tasha ya zauna. Ya fara neman hanyar da zai bi ba tare da ya buɗe baki ba, kuma ya nema da gaske, kamar mai neman allura a rairayi. Ya ce wa Rabi'u ya daina sayar wa Zaharaddin nasa? To ya sayar masa da na wa? Duk ganyen da ke sheƙi a kasuwar nan ya san yadda aka yi ya yi sheƙi, shi da sauran manoman tare suke sayen kwalbar. Ya daina feshi a ɓoye? Sai ganyensa ya huje, Zaharaddin ya matsa rumfa ta gaba. Ya tura Batula? Batula ta fi shi kunyar yarinyar, kuma ita ma ba ta taɓa tambayarsa dalilin lambu biyu ba, ko da yake ba ta taɓa tsinkar ganye ɗaya a fadama ba. Duk inda ya juya, abu ɗaya ya rage: ya je ya tsaya gaban mai hankicin nan ya faɗi abin da yake yi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai ma tabbata ba. Wataƙila laulayin ne da gaske. Wataƙila in ya yi shiru ta haihu lafiya, ba wanda zai taɓa sani. Ya daɗe yana juya wannan "wataƙila" ɗin, yana shinshina ta kamar yadda matan ma'aikata ke juya ɗauri. Sai ya tuna shekara tara ke nan da ita yake ciyar da 'ya'yan mutane, amma bai taɓa yarda ta shiga tukunyar gidansa ba ko sau ɗaya. Ya tashi ya tari Keke Napep.

Sai da ya yi tambaya sau biyu kafin ya gane gidan ɗiyarsa. Ya yi sallama. Zaharaddin ya fito da waya a hannu, ya dawo cin abincin rana ke nan, ya tsaya baki buɗe.

"Baba! Ku ne da kanku? Lafiya dai ko? Bismillah, ku shigo."

Sakinatu tana zaune a baranda a kan tabarma, ta rame, idanunta sun faɗa. Da ta ga mahaifinta sai ta ja mayafi ta rufe cikinta, ta sunkuyar da kai ta gaishe shi. A gabanta akwai kwano cike da kwaɗon alayyahu, kore shar, an barbaɗa ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Ta ci kusan rabi.

Zaharaddin ya ga inda idon surukinsa ya sauka, sai ya gyara tsayuwa. Dama ta samu.

"Ai Baba kula muke yi da ita sosai. Kun san ku a ƙauye kuna noma abin ne kawai, ba ku san amfaninsa ba. Alayyahu yana ƙara jini, yana hana bushewar ciki, yana gyara ido. Amma sai an iya dafa shi. Ba irin na su Inna ba, a zuba kanwa a tafasa shi har ya koma baƙi, an kashe amfanin ke nan. Ni na hana. Turarawa kawai take yi, minti uku, a matsa lemun tsami. Da safe a fate, da rana kwaɗo, da yamma miyar gyaɗa, a zuba ganyen daf da saukewa. Wani lokaci ma ɗanye nake markaɗa mata ta sha. Duk na karanta a nan." Ya ɗaga wayar.

"Ɗanye," in ji Malam Audi.

"Ɗanye, Baba. Shi ya sa nake sayen mai kyau. Wanda kuke aikowa, kada ku ji haushi, an gode, amma tsutsa ta riga ta..."

"Sakinatu."

Malam Audi ne ya kira ta. Ita kanta sai da ta waiga, kamar akwai wata mai sunan a bayanta. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba.

"Ajiye cokalin nan. Kada ki ƙara kai shi baki."

Ya faɗa musu a tsaye, bai zauna a kujerar da aka jawo masa ba. Ya ce ganyen da ke cikin kwanon nasa ne, jajibirin ranar da ya yanke shi ya yi masa feshi, da hannunsa. Ya faɗi mako biyun da ke rubuce a kwalba. Ya ce wanda awaki suke ci shi ne wanda ba magani a jikinsa, hudar da ke jikinsa ita ce shaidarsa. Bai ƙara ba, bai rage ba, kuma bai kawo hujjar masu ci da ido ba, don tun a hanya ya ga ba za ta iya tsayawa a gaban wannan kwanon ba.

Da farko tsoro ne a fuskar Zaharaddin, na gaske, ya dubi matarsa. Amma tsoron bai daɗe ba wani abu ya hau kansa, wani abu mai kama da jin daɗi. Shekara uku yana raina mutumin nan ba tare da dalilin da zai iya faɗa a fili ba, yau ga dalili an kawo masa har gida.

"Inna lillahi. Wato Baba guba kuke sayar wa jama'a? Kuna sane? Wallahi shi ya sa ƙasar nan ba za ta ci gaba ba. Jahilci da son zuciya."

Bai ambaci buhu biyar da ya zuba wa awaki ba. Malam Audi ma bai tuna masa ba, ba shi da bakin yi.

Sakinatu ce ta yi magana, a hankali, idonta a kan tabarma.

"Baba, Na'ima ta gidan nan na kusa, cikinta wata takwas. Ni na nuna mata rumfar Rabi'u. Na ce mata ta riƙa zaɓen mai sheƙin."

Da zagi ta yi da ya fi wa Malam Audi sauƙi.

A ranar aka kai ta asibiti, har da Na'ima. Ma'aikaciyar jinyar ta saurari bayani, ta kalli Malam Audi sama da ƙasa, ta ce alayyahu dai ba shi da laifi, a ci gaba da ci, amma a san inda ya fito, a wanke shi sosai, a dafa. Cikin mako guda aman Sakinatu ya tsaya, ciwon kan ya tafi. Ko maganin ƙwarin ne, ko laulayin ne ya gaji don kansa, ba wanda ya iya tabbatarwa. Malam Audi ya lura cewa har yanzu akwai wani ɓangare na zuciyarsa da ke fatan laulayin ne, kuma ya tsani wannan ɓangaren, amma bai iya fitar da shi ba.

Zaharaddin kuwa bai bar kowa bai ji ba. A ofis ya faɗa, a masallaci ya faɗa, a majalisar mai shayi ya faɗa, kullum labarin yana ƙarewa da yadda shi ya gano abin. Rabi'u ya aiko cewa a dakata da kawo kaya tukuna, sai ƙura ta lafa. Ya koma sarar na wani manomin, wanda suke sayen kwalba a shago ɗaya da Malam Audi. Matan ma'aikata suka ci gaba da zaɓen mai sheƙi, hankalinsu kwance, tunda an ce an kama mai laifin.

Bayan mako uku Malam Audi ya yanki na fadama, wanda bai ga feshi ba tun ranar. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa a bakin kasuwa ya kasa da kansa. Ganyen duk huda, kamar an harbe shi da bindigar toka. Mutane suna zuwa su duba su wuce. Wata mata ta ɗaga ɗauri ɗaya ta ce, "Baba, wannan na dabbobi ne ko na mutane?" Har azahar ɗauri biyu ya sayar.

Can sai ga Zaharaddin a kan babur. Ya gaishe shi da ladabi mai yawa, irin wanda ake yi don mutane su gani. Ya ce Sakinatu ta ce ba za ta ci na kowa ba sai wannan, jininta ma an ce ya fara hawa. Ya tsuguna, ya tattare wandonsa kada ya taɓa ƙasa, ya shiga juya ɗaurin ɗaya bayan ɗaya. Malam Audi ya zuba masa ido. Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya gane abin da surukin nasa yake yi: yana neman wanda hudarsa ba ta da yawa.

Malam Audi ya miƙa hannu ya zaro wanda ya fi kowanne hujewa, ya haɗa da wasu uku ya sa masa a leda.

"Kai mata wannan," ya ce. "Ka ce Sakinatu ta wanke da gishiri."

Da yamma ya kwashe sauran ya koma Birchi da su. Famfon feshin yana nan rataye a zaure inda ya bar shi. Batula ta taɓa tambayarsa ko a ba wani, ya ce a bar shi tukuna.