Irin Kindirmon Paati Alamelu

"Cire hannunki! Kashe shi za ki yi?"

Na janye cokalin da sauri. Paati Alamelu tana kwance a tabarma a bakin ƙofar kicin, ba ta iya tashi, amma idonta na kan tukunya.

"Sa ɗan yatsa a madarar. Ta ƙona ki?"

"Kaɗan, Paati."

"To jira. Ke ba ki magana, ba ki haƙuri. Wa zai aure ki?"

Paati muke ce mata, wato kaka. Ƙofarta na kallon tamu a hawa na uku, a unguwar Buntong. Ni da babana muke zaune, shi kuma kullum yana kan babbar mota. In ba a ɗakinta ba, sai in wuni ban ji muryata ba.

Kindirmonta kowa ya san shi. Uwar mijinta ce ta ba ta irin tun suna gonar roba, kuma bai taɓa yankewa ba: cokali guda na jiya a madarar yau. Matan benen duk wurinta suke zuwa da ƙaramin kofi. Ni ma na sha karɓa, amma nawa bai taɓa kamawa ba. Ruwa yake zama.

Washegari azumin Ekadasi ne, ba a cin shinkafa. Ta sa na jiƙa sago, 'yan ƙwayoyin nan na garin rogo, na soya gyaɗa, na tsinke ganyen kori mai ƙamshi. Da madarar ta huce na zuba irin, na juya sau ɗaya kamar yadda ta ce, na rufe.

"Yanzu ɗauki tukunyar ki kai ɗakinku."

"Ta yau da kullum fa, Paati? A nan take kwana."

"Thenmoli, in na mutu, duk abin da ke kicin ɗin nan zubarwa za a yi, haka al'ada take. Har gishiri. Matar ɗana kuwa na cikin roba take saya a kanti."

"Ba za ki mutu ba."

"Ke likita ce? Ɗauka kafin a kunna fitila. Bayan fitila kindirmo ba ya fita daga gida, kin sani."

Na tsaya ina kallon ƙasa. Ta laluɓo kofin jan ƙarfe, ta sa na ɗauraye kwanon irin, na zubar da ruwan a gindin tulasi, tsiron ibadarta da ke taga. Ba ta bar ko ɗigo ba. Na naɗe tukunyar da tsohon zaninta, na haɗa da sagon da gyaɗar da ganyen korin, na tsallaka da su.

"Kar ki buɗe ki leƙa," ta ce a bayana. "Shi ma kunya gare shi, irinki."

Da safe na kai mata ruwan zafi, na tarar ta rasu. Hannunta ɗaya yana ƙarƙashin kumatu.

Kafin azahar ɗanta Segaran ya iso daga Johor. Mata suka cika baranda suna cewa ta yi sa'ar rana, tunda ranar Ekadasi ta rasu. Aka kashe wutar murhun gidan, aka kwashe kicin. Ina jin ƙarar kwanuka, ina jin ana zuba abubuwa a kwata. Ban shiga cikinsu ba. Tukunyar tana kan teburinmu a naɗe, na kasa taɓa ta. In ruwa ne a ciki, shi ke nan, babu inda za a sake samo shi.

Sai da aka fita da ita, benen ya yi tsit, na yi wanka, na kwance zanin.

Ya kama. Na karkata tukunyar, bai motsa ba.

Na ware irin gobe tukuna. Na dafa sagon har ya yi haske, na gauraya da kindirmo da gyaɗa da gishiri, na soya ganyen kori da barkono na zuba a kai. Sai na ga kwano biyu na ɗauko. Na mayar da ɗaya.

Da yamma aka ƙwanƙwasa. Saroja Akka ce ta hawa na biyu, idonta jajur, da ƙaramin kofi a hannu.

"An ce yana wurinki."

Na gyaɗa kai.

"Ke dai har yau bakinki a ɗinke? Yi sauri, an kusa kunna fitila."

Na ɗebo mata cokali guda. Ta rufe kofin da tafin hannu ta sauka.

Na koma na zauna gaban tukunyar. Ramin da cokalin ya bari yana cika da ruwa a hankali.