Tayar da Ta Fashe a Rido

Tayar tankar mai ta fashe a titin Rido da misalin ƙarfe takwas, ƙarar ta tsallako katangar makarantar tamkar harbin bindiga. Kafin Malama Scholastica ta iso aji uku, Vicky tana ƙarƙashin benci, ta toshe kunnuwa, tana fizgar numfashi kamar an shaƙe ta.

'Yan ajin sun yi mata zobe. Christy, shugabar masu addu'a, har ta buɗe kwalbar man zaitun.

"Cikin sunan Yesu, fita daga jikinta!"

"Christy, rufe kwalbar nan. Ku ja baya, kun tare mata iska."

"Anti, ba ita ba ce fa. Dubi idanunta."

"Ita ce. Tsoro take ji, shi ke nan."

Malama ta san tushen tsoron. Bara 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu Vicky, ta ji harbin da ya kashe babanta tana ɓoye cikin gonar citta. Yanzu tana wurin gwaggonta a Unguwar Boro, gwaggon kuwa ta rantse idan yarinyar ta sake faɗuwa, ta bar makaranta ke nan, sai gidan addu'a. Shi ya sa duk Alhamis Malama take koya wa ajin yadda mutum zai riƙe kansa idan zuciya ta tsinke. Saura mako biyar jarrabawa.

Ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin bencin.

"Vicky, taya ce ta fashe. Kina Kaduna, kina aji. Ja iska, mu ƙirga huɗu. Sake ta a hankali. Yawwa. Faɗa min abu biyar da kike gani."

Da wata 'yar murya Vicky ta fara: "Ƙafar benci. Alli. Takalmin Christy... ya buɗe baki."

Ajin ya kwashe da dariya.

"Kin ji 'yar rainin wayo," in ji Christy, ta janye ƙafa. "Ina yi miki addu'a kina zagin takalmina."

Vicky ta rarrafo ta fito, rigarta sharkaf da gumi. Malama na ɗagowa ta ga Mista Benson, shugaban makarantar, tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Na riga na kira gwaggonta," ya ce.

"Yallaɓai, ko minti goma ba ta yi ba. Wancan karon awa guda ta yi a ƙasa. Yau da kanta ta tashi."

"Malama, iyaye uku sun ce min ba za su bar 'ya'yansu aji ɗaya da mai aljanu ba. Ƙirgen numfashinki zan kai musu?"

"Ka sake kiranta. Ka ce ta warke."

Ya jefa wayar a aljihu, ya juya.

Ana tashi tara, keke napep ya tsaya a bakin get. Wani dogon mutum ya sauko, farar riga har ƙasa, ba takalmi, igiyar ɗaure masu aljanu a naɗe a kafaɗarsa. Bai gai da maigadi ba. Ya miƙe zuwa aji uku, ya bi fuskokin 'yan matan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce Vicky? Daga gidan addu'a nake, gwaggonta ta aiko ni."

Malama ta ji yatsun yarinyar sun damƙe mata gefen zane. Vicky tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, ta kai uku ta kasa wucewa.